Vespar da mahaifinmu ya bari: a tashe ta yadda take ko a sauya mata inji?

Abban Sadik: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san tsofaffin babura. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Vespa wadda ya saya a 1975, lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, yana malamin firamare a nan Kano. Ya hau ta har ƙarfinsa ya ragu, daga nan aka jingine ta a ɗakin zaure, ta haura shekara ashirin ba wanda ya tashe ta. Tayoyinta ƙanana ne kuma duk sun tsattsage, ɓeraye sun cinye soson kujera, tsohuwar lambar KN tana nan a jikinta. Na ɗora ƙafa a kan kik a hankali, ko motsi bai yi ba. Burina in tashe ta in riƙa zuwa masallacin Juma'a da ita kamar yadda ya saba. Wani makanike a unguwarmu ya ce in manta da injin, zai yanke bayan ya ɗora mata injin roba-roba, wai kayanta sun ƙare a duniya. Hankalina bai kwanta ba. Da gaske ba a samun kayan? In ana samu, a ina?

Maman Ilham: Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makoma. Don girman Allah kada ka bari a sa mata wutar walda. Namu mahaifin ma ya bar irinta, aka sayar wa 'yan gwangwan a kan sikeli kafin mu mata mu ji labari. Har yau abin yana min ciwo.

Nura Mai Keke: Allah ya gafarta masa. Amma Yaya, gaskiya ɗaya ce, makaniken nan bai yi ƙarya sosai ba. Abin hawa don a hau shi ake yi. Injin da sai ka haɗa fetur da mai a tanki, ga hayaƙi, ga fulogi yana mutuwa kullum, ga fitila mai hasken aci-bal-bal, ina amfaninsa a titin Kano na yau? Injin roba-roba ko a ƙauye ya lalace za ka sami mai gyara da kayan gyara. Jikin dai shi ne na Baba, shi mutane za su gani.

Baba Mai Basfa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ɗana, tun ina saurayi nake wannan sana'a a Fagge, kuma abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka ɗauke ƙafarka daga kan kik ɗin nan. Kada kai ko yaran gida wani ya sake taka shi, kada kuma a tura ta a sa giya don a ga ko za ta tashi. Fistin da ya shekara ashirin a tsaye ya kama jikin silinda da tsatsa. In aka matsa masa da ƙarfi, ringi ya karye ya karce silinda, ko haƙoran giyar kik su zube, ka ga an ƙara maka aikin da da babu shi.

Nura, ka saurare ni da kyau. Vespa ba ta da bututun ƙarfe a ciki irin na sauran babura. Jikin nan da kake gani, farantin ƙarfe da aka matse aka haɗa, shi ne ƙashin bayanta, shi ke ɗauke da mutum da kaya. Injin kuma shi ne hannun da ke riƙe da tayar baya, babu sarƙa, tayar a jikin giya take kai tsaye. Injin roba-roba da sarƙa yake aiki, yana buƙatar wurin zama a tsakiya da hannun taya nasa daban. Kafin a ɗora shi sai an yanke wurin da ke ɗauke da nauyin duka an yi walda. Na ga waɗanda aka yi wa haka, suna tafiya a karkace, kuma ba a iya mayar da su yadda suke har abada. Wannan ba gyara ba ne.

Maganar kaya sun ƙare kuwa, wanda ya faɗa bai nema ba ne. Amma kafin a yi zancen saye, sai mun san wace iri ce. Ka duba gefen taya ka karanto min abin da aka rubuta. Ka cire murfin dama, ka goge hannun injin ta ƙasa da kananzir, akwai lamba da aka buga a jikin alminiyon. Akwai wata kuma a jikin bodi ta baya, ƙarƙashin murfin gefe. Ka ɗauko hotonsu.

Malam Na Tudun Wada: Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan mamaci ya ba ku haƙuri. Kafin ku yi nisa a zancen ƙarfe, ina da tambaya ga mai neman shawara: an raba gado? Babur ɗin ya faɗo a rabonka ne, ko kai ne dai ka fi kowa sonsa?

Abban Sadik: Allah gafarta Malam, an raba gida da gona, amma babur ɗin ba wanda ya kawo zancensa, saboda kowa yana ganin ya mutu. Mu bakwai ne, maza uku mata huɗu, ga mahaifiyarmu tana raye.

Malam Na Tudun Wada: To ka fara da nan. Duk abin da mamaci ya bari, komai ƙanƙantarsa, haƙƙin magada ne gaba ɗaya. Mahaifiyarku tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, tunda akwai 'ya'ya, saura kuma namiji ya ɗauki rabon mata biyu, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Abin da ya dace shi ne a kira mutum biyu da suka san darajar irin wannan kaya su yi masa kuɗi a halin da yake ciki yanzu, kafin ka kashe ko sisi. Sai ka biya kowa rabonsa, ko wanda ya ga dama ya yafe maka da bakinsa a gaban shaidu. In akwai wanda bai balaga ba, ba a yafe rabonsa, ajiye masa ake yi. Dalilin da ya sa na ce a yi yanzu: yau ana ganinsa tarkace, ranar da ya fito yana sheƙi sai kuɗinsa ya ninka, a nan ne zukata ke canzawa, kai kuma ka riga ka zuba dukiyarka a ciki. A rubuta a takarda kowa ya sa hannu, har da 'yan'uwanka mata da ke gidajen aurensu.

Maman Ilham: Allah ya saka wa Malam da alheri. Wannan ta ƙarshen ita ce aka tsallake a gidanmu.

Abban Sadik: Na gode Malam, zan kai maganar gaban Hajiya da yayyena kafin a kwance ko noti ɗaya. Baba, na duba. A taya an rubuta 3.50-8. Lambar bodi ta fara da VBC1T, ta inji kuma VBC1M.

Baba Mai Basfa: Alhamdu lillahi. Vespa 150 Super ce, kuma injin irin nata ne, ba a taɓa ɗora mata na wata ba. Kamfanin Piaggio na Italiya ya fara yin wannan samfurin a 1965, ya ci gaba har ƙarshen shekarun 1970. 'Yar'uwarta ita ce Sprint, mai lamba VLB, wadda tayarta inci 10 ce. Ka riƙe wannan bambanci, don masu sayar da kaya da yawa duk Basfa ɗaya ce a wurinsu. Injin babur ɗinka, faɗin fistin milimita 57 ne, giya huɗu a hannun hagu, wutarsa bolt 6 ce daga magneto da kwantak.

Abu biyu ne kaɗai in sun lalace nake jin tsoro. Na farko ƙasan bodi, wurin ajiye ƙafa da ramin tsakiya da wayoyi ke bi. Ka kwantar da ita a kan tsohuwar katifa, ka bi ƙasan da sukundireba kana dannawa. In ƙarfe ne mai ƙarfi, ka gode wa Allah, kuma busasshiyar iskar ƙasarmu tana taimakawa a nan, sai dai in ɗakin yana yoyo da damina. Ka kuma tsaya ta baya ka hango ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Na biyu yana cikin inji. Wannan injin ba ta jikin silinda yake shan mai ba, kafireta a kan kaskon inji take zaune, kuma kumatun karanshaf ne ke buɗe ƙofar man yana rufewa yayin da yake juyawa. Wurin da suke gogayya a jikin kaskon dole ya kasance sumul. In wani abu ya taɓa faɗawa ya karce shi, za ta riƙa wahalar tashi tana tofo mai ta baya, ko ka sa mata sabuwar kafireta. Ban da waɗannan biyun, komai na jikinta ana saye ko a gyara.

Fistin da ya kama kuma, a cire kan silinda, a zuba gas ko man giya mai laushi a kansa, a bar shi ya jiƙa kwanaki. Bayan nan a ɗora guntun katako a kai a riƙa bugawa a hankali. Katako na ce, ba ƙarfe ba.

Dalibi a Indiya: Baba ya gama magana, bari in ƙara ta fannin kaya tunda ina nan ƙasar da suke. Kamfanin Bajaj, wanda yanzu muka sani da Boxer da keke, da lasisin Piaggio ya fara, yana ƙera Vespa tun farkon shekarun 1960 har lasisin ya ƙare a 1971. Bayan nan ya ci gaba da nasa, Chetak daga 1972 wadda aka ɗauko daga Sprint, da Bajaj Super mai taya inci 8 irin taku. Sun shafe sama da shekara talatin suna yin su, shi ya sa har yau kayan suna nan jibge. A Delhi akwai unguwar Karol Bagh, layi-layi na shagunan kayan babura. Wayoyin kuloci da giya da birki, fatun birki, faranten kuloci, fakin inji, kwantak, kondansa, gilashin fitila, robobin ƙasa, duk ana samu kuma ba su da nauyi, mai dawowa gida zai iya sako su a jaka. Sai dai kayan hawa-hawa ne. Akwai na asali a kwalin kamfani, akwai na bugi waɗanda robarsu ke tsagewa cikin 'yan watanni. Kuma kada a saya maka kayan LML da sunan duk ɗaya ne. LML ta Kanpur samfurin PX ta kwafa, wadda Piaggio ya fito da ita a 1977, abubuwa da yawa ba sa shiga Super.

Nura Mai Keke: To na ji batun yanka, na janye. Amma taya fa? Tayar keke ma inci 8 ce, ga ta ko'ina a gari, ga ƙarko.

Baba Mai Basfa: Ta keke 4.00-8 ce, ta fi faɗi ta fi tsayi, kuma an yi ta ne don abin hawa mai ƙafa uku da ba ya kwanciya a kwana. Za ta hau rim ɗin, amma takan gogi jikin inji ko salansa a baya, kuma babur ɗin ya yi nauyin juyawa. A nemo 3.50-8 ta babur. Sannan a gaya wa mai faci cewa rim ɗin biyu ne aka haɗa da notuna, kwance shi ake yi ba a ɓanɓare taya da ƙarfe, kuma sai an sace iskar duka kafin a taɓa notunan.

Injiniya Kaduna: Ina tare da Baba a kan kada a yanka, amma ina da saɓani da shi a wuri ɗaya, kuma na san zai ce a ci gaba da kwantak. Ni ina da Sprint, ina hawanta zuwa aiki. Wutar bolt 6 ba ta isa a titi da dare ba, kuma kondansan da ake samu yanzu ba su da ingancin na da. Akwai magneto na zamani mai CDI, wato na'urar wuta da ke maye gurbin kwantak, da bolt 12 da aka yi musamman don waɗannan tsofaffin injina, ana ɗaure shi a mazaunin tsohon ba tare da an huda ko an yanke komai ba. Tun da na sa, ban sake buɗe wurin ba. A lura dai, na PX ba ya shiga kai tsaye, bakin karanshaf ɗin ba iri ɗaya ba ne, sai wanda aka rubuta na Super ko Sprint.

Akwai manyan shaguna biyu a Jamus da suka ƙware a wannan, SIP Scootershop da Scooter Center, suna da zanen kowane ɓangare na inji da lambar kowane ƙarfe. Ko ba za ka saya a wurinsu ba, zanen kaɗai makaranta ne. Da tsadar canji da kuɗin aike, ba zan ce ka sayi komai a can ba. Amma abubuwan da ke can cikin inji, waɗanda in sun mutu sai an sake raba injin biyu, a nan ne ba a yin arha: sil biyu na karanshaf, boris, da kuros ɗin da ke zaɓar giya.

Maganar boris ma a yi hattara. Na karanshaf ɗin wannan injin awonsa 25 da 62 da 12 ne. In ka je kasuwa za a miƙo maka 6305, rami ɗaya, faɗi ɗaya, amma kaurinsa 17. Ba zai zauna ba, kuma na ga inda aka goge kaskon inji don a tilasta shi.

Baba Mai Basfa: Injiniya, batun boris ka faɗi gaskiya, Allah ya yi maka albarka. Batun wuta kuwa ga dalilina. Kwantak in ya ba ka matsala a hanyar Wudil ko Bichi, da 'yar takardar yashi da sukundireba za ka goge shi, ka saita tazararsa wajen milimita 0.4, ka kama hanya. CDI in ya mutu ya mutu, sai ka jira wani ya zo daga ƙasar waje. Kuma wannan bawan Allah ba aiki zai riƙa zuwa da ita da dare ba, masallaci ya ce. Na fi son ya fara jin ta yadda mahaifinsa ya ji ta. In daga baya ya ga yana son ƙarin haske, ya sa irin naka, amma ya naɗe tsohon magneto ya adana.

Injiniya Kaduna: A kan adanawa ba mu da saɓani, Baba. Ko tsohon noti kada ya yar. Wani lokaci ƙarfen Italiya da ya tsufa ya fi sabon da za a kawo, kuma shi ne samfurin da za a gwada sabon da shi. Abin da ba a samu ba, kamar maƙalar kujera ko ƙafar tsayawa, in aka kai tsohon zuwa Panteka a nan Kaduna za a ƙera irinsa.

Alhaji Damagaram: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. A wajenmu mobilet ta fi yawa a zamanin, amma akwai dattawan da suka riƙe Vespa. Shawarata ɗaya ce, kafin ka aika kuɗi wata ƙasa, ka zaga wajen tsofaffin makanikai. Galibinsu suna da buhunan kwance a bayan shago da ba su taɓa zubarwa ba. Abin da aka cire daga wata Vespa ta asali, kamar murfin gefe ko kan fitila ko tambarin suna, ya fi sabo na kwaikwayo kyau da zama daram.

Baba Mai Basfa: Haka ne Alhaji. Sai dai mun ragu. Da babura masu arha suka cika gari, yara suka daina koyon Basfa, sannan da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013 da yawa suka koma gyaran keke. Amma masu buhunan suna nan, na san ƙofofinsu.

Maman Ilham: Ni tambayata fenti. Za a sake mata ne? Da ni ce, in dai ba tsatsa, wankewa kawai zan yi a goge.

Nura Mai Keke: Haba Hajiya, a sha wannan wahala duka kuma a fito da ita da tsohon fenti?

Injiniya Kaduna: Nura, masu neman irin waɗannan babura a duniya sun fi daraja wadda ke da fentinta na kamfani, ko ya dushe, a kan wadda aka sake fesawa. Dalili shi ne sabon fenti yana ɓoye abubuwa. An sha sayar wa Turawa tsofaffin Vespa da aka gyara a wasu ƙasashen Asiya suna walƙiya, daga baya a tarar guntaye ne aka haɗa da walda aka shafe da fila. Tsohon fenti shaida ne cewa jikin bai taɓa karyewa ba. A wanke da sabulu, a shafa man goge mota, a ga abin da zai fito tukuna. In dole sai an fesa, a duba cikin murfin gefe ko ƙarƙashin tanki inda rana ba ta taɓa ba, a haɗa launin daga nan.

Abban Sadik: Jama'a na dawo da labari. Mun zauna da Hajiya da 'yan'uwana. An kira mutum biyu sun yi mata kuɗi, Hajiya da biyu daga cikin yayyena mata sun yafe min, sauran na biya su, an rubuta an sa hannu. Hajiya ta kuma ɗauko min takardun babur ɗin daga cikin adakar Baba, har da rasiɗin saye. Na bi ƙasan da sukundireba kamar yadda Baba ya ce, tsatsa ta sama ce kawai, sai wani ɗan wuri kusa da birkin ƙafa da ya yi laushi. Fenti zan bar shi. Tankin ne ke wari, akwai wani abu kamar danƙo a ƙasansa.

Malam Na Tudun Wada: Madalla. Allah ya sa albarka, ya kai ladan ga mamaci.

Injiniya Kaduna: Rasiɗin nan ka yi masa hoto ka adana asalin. Da tsofaffin takardun da takardar rabon gadon za ka je ofishin lasisin ababen hawa a yi maka sabuwar lamba da sunanka, tsohuwar KN ɗin kuma ka ajiye ta a gida. Tanki a cire shi, a zuba kananzir da tarin ƙananan notuna a girgiza sosai, a wanke, a shanya ya bushe ƙarau, a sa sabon famfon mai da sabon tiyo.

Baba Mai Basfa: Wurin da ya yi laushi ƙaramin aiki ne, a yanke iya ruɓaɓɓen a sa sabon faranti, amma mai waldar da ya iya siririn ƙarfe, kuma sai an cire tanki. Abu ɗaya da nake so ka kiyaye kafin ka zo: kada ka zare ko waya ɗaya daga cikin bodi, ta wuta ko ta kuloci ko ta giya. Duk ta cikin ramin nan suke bi har zuwa kai, kuma da tsohuwar ake ɗaure sabuwa a jawo ta. Wanda ya zare su haka kawai zai yini yana laluben hanya. Salansa ma a duba, zanzaro kan yi gini a ciki ya toshe shi.

Ranar da za ta tashi, man giya SAE 30 ne, kwata ɗin lita. Fetur kuma a haɗa shi da man 2T kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 a kowace lita, a auna da sirinji, ba da ido ba, kuma ban da baƙin man mota.

Ka sa ta a bayan a-kori-kura ka kawo min ita yadda take, ranar Asabar da safe. Ka zo da ledoji da biro, duk abin da muka kwance a sa shi a ledarsa a rubuta sunansa. Kada ɗalibinmu na Indiya ya sayi fistin tukuna. Sai mun fitar da tsohon mun auna silinda, sannan mu san ko 57 za a nema ko 57.2.

Dalibi a Indiya: To Baba, ina jiran awon. Ku turo min hoton tsohon fistin ta sama da ta gefe, don in nuna wa mai shago ya ba ni irinsa daidai.